Gaskiya ko Jita-jita: Ina Kuɗin Tallar 'Yan Sabo Ke Shiga?

Duk wanda ya zauna a rumfunan teloli da shagunan turare na Sabon Ibadan ana saura mako biyu Sallah zai ji ƙorafin nan ko bai tambaya ba: "Facebook ya cinye min kuɗi." Mai maganar yakan faɗe ta ne da waya a hannu, yana nuna wa na kusa da shi wasu lambobi da shi kansa bai gama yarda da su ba. Wannan ya ce ya sa dubu biyar an ciri kusan tara. Wancan ya ce tun asuba tallarsa ba ta motsa ba. Wani kuma ya rantse ya duba wayarsa da ta mai ɗakinsa da ta yaron shago bai ga tallar ko sau ɗaya ba, saboda haka babu wata talla, damfara ce kawai.

Ciniki ta hannun wani ba baƙon abu ba ne a Sabo. Tun da aka kafa unguwar a 1916 arzikinta a kan shanu da goro ya ginu, kuma duka biyun harka ce ta amana daga nesa: mai shanu ya taso daga Arewa ya sauka a wurin maigida, dillali ya haɗa shi da mahaucin Bayarabe, a ba da shanu bashi, maigida ya tsaya wa kuɗin. Abner Cohen, masanin da ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969, ya bayyana wannan tsari dalla-dalla. Sai dai a wancan ciniki kowa na iya zuwa kara ya ƙirga shanunsa da idonsa. A tallar intanet kuwa, wanda ya karɓi kuɗinka shi ne mai nuna tallar, shi ne mai ƙirga waɗanda suka gani, shi ne kuma mai kawo maka rahoto. Don haka zargin yana da dalili. Matsalar ita ce yawancin zarge-zargen suna sauka a inda babu laifi, su tsallake inda ya kamata a zuba ido.

"Na sa dubu biyar, sun ciri kusan tara"

Cirewar gaskiya ce, amma kiran ta sata jita-jita ne. A wurin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, kasafin yini matsakaici ne da ake auna shi a kan mako. Ƙa'idarsu a rubuce take: ranar da na'urarsu ta ga kasuwa ta buɗe tana iya ƙetare kasafin yini da kashi 75 cikin ɗari, amma jimillar mako, daga Lahadi zuwa Asabar, ba za ta wuce kasafin yini sau bakwai ba. A da kashi 25 ne, daga baya aka ɗaga, shi ya sa har tsofaffin hannu a harkar suka ruɗe. Telan da ya sa naira 5,000 na iya wayar gari ya ga jiya an kashe 8,750, jibi kuma 3,000 kacal, amma kafin Asabar ta fita lissafin ba zai haura 35,000 ba. Google ya ma fi sakin hannu. Tun Oktoban 2017 yana iya kashe ninki biyu na kasafin yini, iyakarsa ta wata ce, wato kasafin yini sau 30.4. Mai 5,000 a can zai iya ganin 10,000 a rana guda, amma a wata ba za a caje shi sama da 152,000 ba.

Wannan tsari ya yi wa wanda zai shafe wata uku yana talla daidai. Mai kilishin da ya ware kuɗin kwana uku kafin Sallah kuwa ba shi da makon da za a daidaita masa lissafi a ciki. Abin da ya dace da irinsa shi ne kasafin dunƙule: ga 20,000, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, magana ta ƙare. Shi wannan ba a ƙetare shi.

Akwai kuma kuɗin da ke fita daga aljihu ba tare da sun shiga talla ba, kuma su ne suka fi jawo rigima tsakanin maigida da yaronsa. Tun 1 ga Janairun 2022 Meta ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallace-tallacen Najeriya, saboda haka tallar 35,000 tana zuwa da ƙarin 2,625. Na biyun ya fi ciwo. Tun 2024, wanda ya danna maɓallin bustin daga cikin manhajar Facebook ko Instagram a kan iPhone yana biyan ladan kashi 30 da ke tafiya wurin Apple, alhali da ya shiga ta burauza ko ta kwamfuta da bai biya ko kwabo ba. Alhazan canji masu ji da iPhone sai su lura. Wanda kuma asusun tallarsa na dala ne, shi ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya sami naira tun da aka sake ta a Yunin 2023. A bakin titin Sabo ake yanka farashin dala kullum.

"Tun asuba ba ta motsa ba"

Mutane da yawa suna ɗauka kamar an ajiye musu wani gurbi ne a Facebook, tallarsu na manne a ciki daga safe zuwa dare. Babu wannan gurbi. Duk lokacin da wata mata a Bodija ta buɗe wayarta tana gangarawa, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido a kan filin da ke gabanta, kuma telan Sabo yana takara ne da banki da kamfanin waya da mai sayar da fili a Akobo, duk a kan idon matar nan guda. Abu uku ake haɗawa a fitar da wanda ya ci: abin da mai talla ya yarda zai biya, hasashen ko wannan mutum zai yi abin da tallar ke nema, da kuma ingancin tallar kanta. Shi ya sa mai ƙaramin kuɗi da hoto mai kyau kan kayar da mai babban kuɗi da hoton da ya dushe.

Da na'urar za ta shiga kowane gwanjo da ya gitta, da kuɗin yini sun ƙare kafin hantsi. Abin da take yi shi ne ta riƙe hannu, ta ƙi gwanjo mai tsada, ta jira mai araha, tana lissafin yadda kuɗin za su kai ƙarshen wa'adi. Jinkirin safiya da gudun bayan Isha, lokacin da mutane suka kwanta da waya a ƙirji, duk aikin wannan lissafi ne. Google ya taɓa barin mai talla ya zaɓi a zuba kuɗin da gudu, sai ya janye zaɓin daga tallar shafin bincike a 2019.

Akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba, kuma ya sha ruɗa mutane: agogon asusu. Ranar talla tana farawa ne da sha biyun dare na yankin da aka zaɓa ranar buɗe asusun. Idan wanda ya buɗe maka ya bar shi a agogon Kalifoniya, sabuwar ranarka tana farawa da ƙarfe takwas ko tara na safiyar Ibadan, gwargwadon lokacin shekara. Abin da kake kallo da asuba a matsayin tallar yau, wutsiyar jiya ce. Kuma agogon ba ya canzuwa sai an buɗe sabon asusu. A ƙara da cewa lambobin kansu sukan makara kafin su bayyana, wani lokaci da sa'o'i.

To yaya mutum zai gane tafiyar daidai take? Rabawa kawai zai yi. Idan 20,000 ce ta kwana goma, a rana ta biyar ya kamata a ce an kashe wajen rabi, ko da ɗan sama ko ɗan ƙasa. Idan ya ga 2,000 kacal aka taɓa, a nan akwai matsala ta gaske, kuma yawanci ɗaya ce daga cikin huɗu: ya matse mutanen da yake nema sun yi kaɗan, ya sa iyakar farashi ƙasa da abin da gwanjon ke ci, katinsa ya ƙi biya, ko tallar na nan a wurin dubawa, wanda galibi ba ya wuce sa'o'i 24. Sannan lokaci ma yana da farashi. A watan Nuwamba da manyan shagunan intanet irin su Jumia ke zubar da farashi, da Disamba, da jajibirin Sallah, da kakar zaɓe, masu takara sun yi yawa, dubu biyar ɗin da ta saba kai ka nesa sai ta tsaya a hanya.

"Ban gan ta a wayata ba"

Wannan jita-jita ce tsantsa, amma a gindinta akwai tambaya mai kyau. Rashin ganin tallarka ba ya nuna komai. Cikin dubban mutanen da ka zaɓa kaɗan ne kuɗinka za su kai wa, kuma na'urar ba ta da dalilin ɓata kwabonka a kan mai shagon da ba zai sayi kayan kansa ba. A Google ma neman tallarka da kanka yana cutar da ita: duk lokacin da ta fito ba ka danna ba, ana rubuta mata cewa an gani an wuce. Suna da shafin gwaji da aka tanada don haka.

Tambayar mai kyau ita ce: an ma kunna tallar kuwa? Mafi yawan dattawan Sabo ba su ke danna komai ba. Akwai wani matashi, ɗan unguwa ko ɗan makaranta, da ake tura wa kuɗi ya "yi sifonsa". Hirar takan tafi kamar haka.

"Kai yaro, ina tallar tamu? Yau kwana uku."

"Tana tafiya, Alhaji. Bari in turo maka hoton allo ka gani."

Hoton allo ba shaida ba ne. Ana iya ɗauko na wani, ana iya gyara lambobi cikin minti biyu. Yawancin yaran nan masu gaskiya ne, ba na zargin kowa, amma hanyar tabbatarwa tana nan kyauta. Tun 2019 Meta ke da rumbun tallace-tallace a buɗe ga kowa, ko marar asusu: ka rubuta sunan shafin shagonka, ka zaɓi Najeriya, duk tallar da ke aiki a lokacin za ta fito tare da ranar da aka fara ta. Rumbun ba zai gaya maka nawa aka kashe a tallar kasuwanci ba. Wannan sai rasit, kuma kowane caji yana da rasit a cikin asusun. Mafi kyawu dai asusun ya zama da sunan maigida, a ƙara yaron a matsayin mai aiki a ciki. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba da amsa.

"Idan ba ta ci yau ba, a canza gobe"

A nan ne kuɗin 'yan kasuwa suka fi zurarewa, kuma da hannunsu. Sabuwar talla tana shiga wani zango da Meta ke kira lokacin koyo. A cikinsa na'urar tana jarrabawa ne, ta nuna wa wannan ta nuna wa wancan, tana neman irin mutanen da ke amsawa. Farashi kan yi tsalle-tsalle, sakamako kan yi kyau yau gobe ya lalace. Ma'aunin da Meta ta bayar na fita daga wannan zango shi ne sakamako kusan 50 cikin kwana bakwai. Kuma duk wani babban gyara yana mayar da hannun agogo baya: canza hoto, canza rubutu, canza mutanen da ake nema, canza abin da ake so su yi, ko dakatar da tallar har kwana bakwai.

Ka ɗauki telan da ke aikin surfani a babbar riga. Ranar Litinin ya sa hoton shuɗiyar shadda a kan mutum-mutumi. Talata da yamma ba a kira ba, sai abokinsa ya ce ai farar ta fi ɗaukar ido, ya canza. Laraba ya ƙara Legas. Alhamis ya cire mata. Jumma'a bayan an sauko daga masallaci ya kashe tallar gaba ɗaya yana tsaki. Talla huɗu ya fara a mako guda, bai bar ko ɗaya ta yi kwana biyu ba, sannan ya yanke hukunci cewa abin ba ya aiki.

Sai dai kada a ɗora wa tela laifin duka. Ma'aunin 50 ɗin an yanka shi ne da aljihun manya. A ƙaddara kowane saƙon WhatsApp da talla ta kawo yana cin naira 500. Saƙo 50 sun zama 25,000 a mako, sama da 3,500 a yini. Mai sa 1,000 kullum saƙo 14 zai samu, ba zai taɓa fita daga koyo ba, allo zai yi ta nuna masa cewa koyon ya taƙaita. Wannan ba yana nufin tallarsa ta mutu ba, tana tafiya, ba ta dai zauna daram ba. Abin da zai taimake shi shi ne ya tara ɗan kuɗinsa a talla guda maimakon ya yayyafa su a biyar.

Batun ƙara kasafi kuma akwai wata "doka" da ke yawo a bakin masu harkar, wai kada a ƙara sama da kashi 20 a lokaci guda. Dabara ce ta gogewa, ba ta da laifi, amma Meta ba ta yanka adadi ba. Misalin da ta bayar shi ne daga dala 100 zuwa 101 ba zai taɓa komai ba, daga 100 zuwa 1,000 kuwa mai yiwuwa ya sake koyo.

"Na zaɓi Sabo kaɗai, 'yan Sabo ne ke gani"

Ba haka ba ne. Mafi ƙanƙantar da'irar da ake iya zanawa a taswirar Meta kilomita ɗaya ce ta kowane gefe, kuma kilomita ɗaya daga tsakiyar Sabo ta riga ta kwaso Mokola da gefen Adamasingba. Ƙari a kan haka, ba mazauna kaɗai ake ƙirgawa ba, har da waɗanda suka ratsa wurin kwanan nan. Duk wanda ya san yawan motocin da ke bi ta shataletalen Mokola tsakanin Dugbe da Sango ya san abin da wannan ke nufi. A Google kuma, idan ba a gyara saitin ba, har wanda ke wata ƙasa yana binciken Ibadan ana iya nuna masa. Zaɓen harshen Hausa ma ba ya tace Hausawa yadda ake zato. Facebook yana da fuskar Hausa tun 2016, amma mutum nawa ka sani a Sabo da wayarsa ba a Turanci take ba?

Ni a ganina ma tambayar ce aka juya. Mutumin Sabo ya riga ya san shagonka, yana wucewa ta ƙofarsa sau biyar a yini zuwa masallaci. Wanda bai san ka ba shi ne Bayaraben Oluyole ko Jericho da ke neman wanda zai yi masa aikin wuyan agbada kafin bikin Asabar, da matar da ke Legas da ake iya aika wa kaya ta mota ko ta jirgin ƙasan Moniya, da Bahaushen Sasa ko Ojoo da ya daɗe bai leƙo cikin gari ba. Da'irar da aka matse tana gajiyar da mutane kaɗan da talla guda, farashi ya hau, tafiyar kuɗi ta yi nauyi.

"Mutum dubu goma sha biyu sun gani"

Nan ne ya kamata a zuba idon da ake ɓatawa a wasu wurare. Lambobi biyu ne ke zaune kusa da juna a allo, ana ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. Ta farko sau nawa tallar ta fito, ta biyu asusu nawa ta kai wa. Idan ta fito sau 12,000 ga asusu 4,000, kowa ya ci karo da ita sau uku ke nan. Uku ba laifi. Idan lambar ta kai takwas ko goma cikin mako, ana biyan kuɗi ne ana gundurar mutane. Ita kanta lambar asusun ƙiyasi ce, kuma asusu ba mutum ba ne, don kowa ya san mai asusu uku.

Sannan mene ne "gani"? Fitowa a allo ya isa a ƙirga, ko da yatsa ya wuce da gudu. Ma'aunin da masana'antar talla ta Amurka ta amince da shi a 2014 shi ne rabin hoton ya bayyana na daƙiƙa ɗaya, bidiyo kuma daƙiƙa biyu. Facebook yana da ma'aunin daƙiƙa uku na kallon bidiyo, da wani na daƙiƙa 15 ko ƙarshen bidiyon idan bai kai haka ba. Dannawa ma iri-iri ce. Akwai lambar da ta haɗa har da wanda ya buɗe hoto ko ya danna don karanta ragowar rubutu, akwai ta wanda ya danna mahaɗin, akwai ta wanda shafin ya buɗe masa da gaske. A garin da data kan ƙare ana tsakiyar abu, netwok kuma yana zuwa yana komawa, tazarar da ke tsakanin biyun ƙarshe ba ƙarama ba ce.

Shin kamfanin yakan yi kuskure a ƙirga? Gaskiya ne, kuma ya faru a bainar jama'a. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin kallon bidiyo, saboda yana cire kallon da bai kai daƙiƙa uku ba daga lissafin masu kallo. Masu talla suka kai ƙara, a 2019 aka sasanta a kan dala miliyan 40. A 2017 kuma wani mai nazarin kasuwa, Brian Wieser, ya lura cewa Facebook na cewa zai iya kai talla ga matasa miliyan 41 'yan shekara 18 zuwa 24 a Amurka, alhali ƙidayar ƙasar miliyan 31 ta nuna. Masu tallar da suka kai ƙara suna da lauyoyi. Mai turaren Sabo ba shi da lauya, abin da yake da shi littafin shago ne.

A gefe guda, amincewar Meta ba ita ce amincewar hukuma ba. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON ta ce a tantance talla kafin a nuna wa 'yan Najeriya, har da ta intanet, kuma a Oktoban shekarar hukumar ta kai Meta Babbar Kotun Tarayya a Abuja tana neman naira biliyan 30 a kan haka. Masu tallar maganin gargajiya da kayan mata su suka fi kusa da wannan wuta.

"Saƙo arba'in, ciniki arba'in"

Yawancin tallar Sabo a WhatsApp take ƙarewa, kuma abin da allo ke kira sakamako shi ne hirar da aka fara. Duk mai irin wannan talla ya san saƙon nan na Turanci da ke neman ƙarin bayani, wanda ke shigowa iri ɗaya daga lambobi daban-daban. Ba mutanen ne suka rubuta ba, rubutaccen saƙo ne da ke jiran a danna. Ka amsa da sallama da farashi, rabinsu ba za su sake cewa uffan ba. Wani yaro ne ke wasa da wayar uwarsa, wani yatsarsa ce ta zame, wani farashi kawai yake son ji. Na'urar ta ƙirga su duka, kuma ba ta yi ƙarya ba, hira dai an fara.

Abin da ya biyo baya ba ta gani. Ba ta ganin alat ɗin tiransifa, ba ta ganin wanda ya zo shago ya zura kati a POS, ba ta ganin wanda ya ajiye lambarka sai bayan mako uku ya kira. Ko ga masu shagon intanet da aka haɗa da na'urar, tun 2021, sakamakon sauyin da Apple ya kawo a iPhone, tagar da Meta ta saba jingina ciniki ga talla ta koma kwana bakwai bayan dannawa da kwana ɗaya bayan gani, daga kwana 28 na da. Kuskuren yana iya faɗawa ta kowane gefe: a jingina wa talla cinikin tsohon kwastoma da dama zai zo, ko a hana ta na sabon da ya makara.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ana iya canza rubutaccen saƙon zuwa wata jimla ta daban ga kowace talla, ta yadda da ganin saƙo an san ta inda ya shigo. Ana iya ware layi guda don talla kaɗai. Yaron shago kuma ya saba da tambayar duk sabuwar fuska, "Ranka ya daɗe, a ina ka gan mu?" ko "Hajiya, wa ya kwatanta miki nan?", ya rubuta amsar a gefen ciniki. Ranar Lahadi a zauna da rasit da littafi. Idan an biya 37,625 har da haraji, saƙo 40 suka shigo, shida suka saya, to kowane mai saye ya ci sama da 6,200. Ga telan da ke cin ribar dubu talatin a babbar riga wannan ciniki ne mai kyau, ya bar tallar ta ci gaba ba tare da ya taɓa ta ba. Ga mai kilishin da ribar ƙunshinsa dubu ɗaya ce asara ce, sai fa idan cikin shidan akwai mai shago a Legas da zai riƙa saye duk wata.